Katako Kamu Biyu

Shekarar fari ce. A kasuwar Konni, Barmo mai katako yana kallon wani dogon mutum ramamme, rigarsa ta yi fari fat da ƙurar simintin Malbaza. Mutumin yana auna katako da hannunsa, kamu biyu kacal, tsawon ƙaramin yaro, yana rera waƙar majami'a can cikin maƙogwaro. Kirista ne ke nan, su a akwati suke binne nasu. Barmo ya gane shi, don watan jiya ma mutumin ya zo sayen katakon akwatin wani yaron.

"Allah shi ba da haƙuri, bawan Allah," in ji Barmo.

"Amin. Yesu na riƙe da su."

Mutumin ya tsinci guntaye biyu na yin gicciyen kabari. Sannan ya ƙara wasu biyu na kabarin da zai biyo baya, waƙar kuwa ba ta yanke ba.