Ana rushe bangon Baba Bukar

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifina, Baba Bukar magini na unguwar Gwange. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Akwai wani tsohon kamfanin matsar man gyaɗa a garin nan, dogon gini na jan bulo, mai tagogi masu baka da bututun hayaƙi da ake hangowa daga nesa. Baba yana saurayi aka gina shi da shi, kuma har ya tsufa shi ake kira idan wani wuri ya tsage. Kaurin bangon ya kai kamu biyu. Can sama aka jera ƙananan kafofi don zafi ya fita. Da bazara, injuna na ruri, amma ciki ya fi gindin dalbejiya sanyi.

Yanzu an sayar da wurin. An kayar da bututun, an toshe tagogin gaba da bulon siminti, an yanka shaguna an shafe su da fenti. Masu shagunan suna zaune a waje suna fifita, don ciki ba ya zaunuwa. Sauran ginin kuwa ana rushewa, jan bulon a tifa ake kwasa, ana cike ramukan hanya da shi.

Da Baba yana raye, ba zai yi faɗa ba. Zai ɗauki bulo ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ajiye. Ni ban gaji haƙurinsa ba. Wa ya sa hannu? Wa aka tambaya? Garin da ya yi asarar gine-gine a shekarun tashin hankali, shi ne yau da hannunsa yake rusa wanda ya tsira!

Da na je wurin, ban da gaban da aka yi shaguna, bangon gabas kaɗai ya rage. Na tarar da shugaban leburori, wani dattijo, yana share gumi.

"Hajiya, kwana huɗu muna dukansa da guduma," in ji shi. "Wanda ya yi wannan aikin bai ci amanar kowa ba."

Na ce masa mahaifina ne.

Ya ajiye gudumar, ya ɗaga hannu ya yi masa Fatiha. Bangon zai faɗi, na sani. Amma mai rusa shi ne ya ba da shaida. Allah Ya ji ƙanka, Baba.