Matan Birmingham

Ɗan farina yana da shekara goma sha biyar ya kamu da son jiragen nan. A lokacin muna zaune a Levenshulme, cikin gidajen nan da ke manne da juna a bayan Stockport Road, inda maƙwabci zai yi atishawa ka ji kamar ka yi masa addu'a. Babansa likita ne, yana fita da duku-duku zuwa asibiti a Oxford Road, ni kuwa ina gida da ƙannensa biyu. Farkon shekarun dubu biyu ne, waya ɗaya ce a gidan, tana kan ɗan teburi a gindin matakala. Duk wanda ya ɗaga ta, da shi da mutanen gida yake hira.

Damuwata da yaron nan guda ɗaya ce: ya daina Hausa. A Kano na haife shi, da Hausa ya buɗe baki, muka zo da shi yana ɗan shekara biyar bakinsa ba ya rufuwa. Makaranta ta fara rage masa ita. Abin da ya ƙarasa ta kuwa wani suna ne da muka je a Salford, ya durƙusa da yamma liƙis ya ce wa wani dattijo ina kwana, maza suka kwashe da dariya. Daga ranar ya ɗinke bakinsa. Yana ji sarai, amma in yi masa Hausa ya mayar mini da Turancin Manchester, wanda ni kaina sai na kasa kunne nake kama shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na kwana biyu, duk a banza. Babansa ya ce, "Ki ƙyale shi, phase ne, zai wuce." Duk ciwon da ya gagari likita sunansa phase.

Wani abokinsa na makaranta ne ya fara ara masa fayafayan. Fim ɗin zane ne na mutanen Japan, mai dogon zango, labarin wasu manyan jirage da ke yawo cikin gajimare suna yaƙi. Ba su yi kama da jirgin saman da ya kawo mu ba. Sun fi kama da jirgin ruwa da aka ɗaga sama, ga bututai suna ta feso tururi, ga mutane a can ƙasa suna zuba wa wuta kwal da shebur. Da harshensu suke magana, ana rubuta Turanci a ƙasa. Ni dai ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ina wucewa da kwandon wanki na kan ce, ƙato da kai kana kallon zanen yara. Ƙarar injinan nan tana bin katakon gidan har kicin, tana hana ni jin rediyo. Yau da gidan ya yi tsit, da zan sami mai kunna mini ita da na gode masa.

Wata Talata ina soya albasa, na ji shi a waya da abokin. Turanci ne zalla, na tsinci Birmingham, na tsinci Asabar, na tsinci coach, wato motar safa. Wannan na san da shi, don babansa ya riga ya yarje masa ya je wani taro na masu son zanen. Sai can, dab da zai ajiye wayar, na ji ya ce, da Hausa tiryan-tiryan, babu ko gargada:

"Mata ne."

Ya kife wayar ya haye sama yana fito.

Albasa ta ƙone a gabana ban sani ba. Abu biyu ne suka zo mini a lokaci guda, suka rasa wanda zai fara shiga. Na farko murna, don shekara da shekaru rabona da jin Hausa a bakin yaron nan, ga ta yau ta fito lafiyayya. Na biyu kuwa gabana ne ya faɗi. Ashe yana da Hausar, ɓoye ta yake yi don irin wannan zance? Wa ya koya wa abokin nasa Bature? Kuma waɗanne mata?

Tambayarsa ba ta taso ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi in yi masa zancen mata. Babansa kuwa na san amsarsa. Sai na ɗauki mayafi na shiga wurin maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Kumasi da ta girme ni, wadda ke aikin girki a wata makaranta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tafa hannu.

"To, 'yar'uwa, Hausa ta dawo gida, amma ta dawo da kaya. Ki bi shi. Ticket nawa ne? Yaran naki ki kawo mini su."

Da na gaya masa tare za mu, sai da ya kusa kuka. "Mum, no. Please." Na ce ina da sayayyar mayafai a Birmingham, kuma ba shawara nake nema ba. Ranar Asabar na ɗauko atamfata mai tsada, wadda ban taɓa ɗaurawa ba sai a biki, na kafa ɗauri, na fesa turare. In dai mata ne, su san yaron yana da uwa. Muka shiga mota ana yayyafi, ya zauna jikin taga ya juya mini ƙeya har muka isa.

Wurin taron wani zaure ne a saman bene, mai warin tsohon kafet. Ina shiga na yi turus. Samari ne maƙil, yawancinsu ƙashi da rai, wasu sun sa hular fata mai rufe kunne, sun ɗora tabarau irin na masu walda a goshi. Wani ya rataya bututun roba da ya shafa wa fenti. Na sami kujera a can baya, na rungume jakata, na shiga neman matan. 'Yan mata ƙalilan na gani, ɗaya ta sa kwat ɗin soja da ya yi mata yawa, tana riƙe da takobin kwali. Babu wadda ta ko kalli inda ɗana yake. Har na ɗan ji haushin hakan ma.

Aka ja labule, aka haska zanen a bango. Tunda babu wurin zuwa, na kalla. Ban gane wa ke yaƙi da wa ba, don rubutun yana gudu. Amma na ga wani jirgi ya huda gajimare ya fito cikin hasken rana, iska tana kaɗa tufafin mutanen da ke kansa, zauren nan ya yi tsit. Na ga an harbo wani, yana gangarowa a hankali da wuta a jikinsa, wani yaro a ɗaya jirgin yana kallo yana kiran wani suna. Na waiwaya na hango ɗana a cikin hasken, bakinsa a ɗan buɗe, irin fuskar da yake yi yana ƙarami in ina yi masa tatsuniya. Na daɗe ban ga wannan fuskar ba.

Da aka tashi aka fara sallama. Wani jibgegen Bature mai jan gemu ya dafa kafaɗar ɗana ya ce, "Mata ne!" Ɗana ya mayar masa. Na ji ta can, na ji ta nan, zauren gaba ɗaya ya ɗauka, maza suna ta shaida wa juna cewa mata ne. Yarinyar nan mai takobin kwali ta zo gabana, ta ɗan rusuna, ta ce mini da fara'a, "Mata ne."

Na kusa ce mata ai na gani. Na jawo hannun rigar yaron muka koma gefe.

"Kai, me suke cewa?"

"It's Japanese, Mum. It means see you later."

Wato sai an jima. Ya dube ni, ya dubi atamfar, ya dubi ɗaurin, na ga lokacin da maganar ta faɗa masa. Ya yi dariya har sai da ya jingina da bango, yana nuna ni ya kasa magana. Ni ma na yi, don abin dariyar ne. Ko shagon mayafi ɗaya ba mu leƙa ba, muka wuce tasha.

Sai da mota ta bar gari abin ya sauko mini. Tun Talata nake ɗauke da kalmomin nan biyu, ina juya su ina jin daɗi, duk da tsoron da suka ba ni. Ashe su ma ba nawa ba ne, na mutanen Japan ne. Ya iya zama ya koyi harshen mutanen da bai taɓa gani ba, nawa kuwa ya gagare shi. Hawaye ya zo mini, na ƙi sharewa. Na ce masa, ba tare da na kalle shi ba, "Ka san me ya fi yi mini ciwo? Wallahi da ma matan ne. Na ɗauka Hausa ka yi."

Ya jingina kansa da taga. Muka yi tafiya mai nisa, gonaki jiƙaƙƙu suna wucewa, tumaki suna tsaye cikin ruwa. Na ɗauka ma barci ya yi. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mama. Akwai wani yaro. Yaro ɗin tana aiki a cikin... ship."

"Jirgi," in ji ni.

"Jirgi. Amma jirgi na sama. Tana sa... me ne coal?"

"Kwal."

"Just kwal?"

"Kwal kawai."

Haka ya ci gaba. Yaron maraya ne, yana zuba kwal a jirgin wata ƙasa, yayarsa kuma an kama ta tana jirgin abokan gaba, duk harbin da jirginsu ya yi yana tsoron ita ya samu. Ya mayar da yaron mace, ya mayar da yayar namiji, ya kira kyaftin sarkin mota. Na danne harshena da haƙori. In ya tsaya neman kalma sai in miƙa masa ita a hankali, in ce, sai kuma me ya faru?

Muka sauka a Manchester dab da magariba, yaƙi bai ƙare ba, ba a kuma ga yayar ba. Muka taka zuwa inda ake hawa bas ɗin unguwarmu, muka zauna a kan ɗan bencin nan mai sanyi, yana ta fama da yadda zai ce gajimare. Bas ta zo ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Ya yunƙura zai tashi, na riƙe masa hannu. Na san cikinta cike take da Turanci, ina tsoron in ya shiga ba zai fito da Hausar ba. Direba ya dube mu, ya rufe ƙofarsa ya ja.

"Wata za ta zo," na ce masa. "Ƙarasa mini tukuna."