Ƙahon Da Na Yi A Hannun Da Aka Hana Ni Taɓawa

Shekara arba'in da ɗaya nake da ita lokacin da wannan abu ya faru. Ina zaune a unguwar Madain Fahd da maigidana, direba ne, da 'ya'yanmu uku. Tun ina yarinya iyayena suka zo da ni Jidda daga Nijar, a nan na koyi zanen lalle har ya zama sana'ata. Ba yabon kai ba, a lokacin in amarya ta fito daga hannuna ba a tambayar wa ya yi mata. Ina da hannu, ina kuma da baki, ga girman kai da ban san ina da shi ba sai da ya kusa kai ni kushewa.

Ciwon daji ya kama ni a mama na dama. Aka yi min aiki, aka cire har da kaluluwan hammata, na sha wahalar magani wata da watanni, gashina ya zube. Allah Ya ba ni lafiya. Amma duk tsawon jinyar, matan da nake wa lalle ce musu aka yi na tafi gida Nijar. Na san halin mutanenmu. In uwar amarya ta ji abin da ya same ni, ba za ta bari in riƙe hannun 'yarta ba, ko da kuwa ta san ba a ɗaukar ciwon.

Bayan an sallame ni, wata ƙungiyar taimako ta haɗa ni da ma'aikaciyar lafiya da ke bin irinmu gida-gida. Bahaushiya ce haihuwar Jidda, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci, har nakan tsokane ta in ce ta zaɓi ɗaya ta bar mana ɗaya. Sai ta yi dariya ta ce in miƙo hannu. Kullum da tef ɗinta irin na teloli, tana auna damtsena tana rubutawa. Ta sha gaya min cewa wannan hannun na dama ba a yi masa allura, ba a ɗaure shi don awon jini, ba a tsaga shi, domin hanyoyin da ke kwashe ruwansa sun tafi tare da kaluluwan. Ni kuwa jakarta nake kallo. Unguwa duk an san gidajen da mai wannan jakar take shiga. Ranar da wata maƙwabciya ta tare ni a matakala ta tambaye ni lafiya dai, a ranar na ce wa ma'aikaciyar halas, wato shi ke nan, na warke, kada ta ƙara zuwa min gida. Ban ma faɗa da daɗi ba. Ta ce to, amma za ta riƙa kira duk Alhamis, in na ga dama in ɗauka.

Da aka yi ƙaramar sallah bukukuwa suka taso, na koma aiki kamar mai rama bashin barci. Cikin sati biyu hannun ya kumbura, awarwaro ya ƙi shiga. Maimakon in kira ta, sai na nufi unguwar Mahjar wajen wata dattijuwa 'yar Chadi da ke yi wa mata ƙaho, wanda a nan ake kira hijama. Har na daidaita da sha bakwai ga wata, ranar da ake son yin ƙaho. Ta duba ta ce mataccen jini ne. Ba na ɗora mata laifi, don ban gaya mata an yi min aiki ba, rigar ma ban yarda na cire ba, hannun kawai na naɗe mata. Ta tsaga wuri huɗu a damtsen.

Kwana biyu sai zazzaɓi. Hannun ya yi nauyi, yana min zogi. Na ɗauko takardar da aka ba ni a asibiti, aka rubuta cewa in fatar ta yi ja a garzayo. Na je bakin taga na juya hannun ta ko'ina, ban ga ja ba. Na sha maganin zazzaɓi na kwanta, ina lissafin amaryar da ke jirana ranar Asabar.

Washegari Alhamis ce. Ban san abin da ya sa na ɗauki wayar ma'aikaciyar ba, wata uku ina ƙyale ta. Na ce mata mura ce. Ta tambaye ni hannun fa. Bayan azahar sai ga ta, ba jaka, ta riƙo ledar lalle kamar mai zuwa ƙunshi, don kada maƙwabta su gane. Wannan ledar ta fi komai sa ni kunya. Ta ɗora bayan hannunta a damtsena na hagu, ta mayar na dama, ta ga tsagar. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce fata irin tamu ba ta yin ja, duhu take ƙarawa, ta yi sheƙi, ta ɗau zafi, kuma takardar ba da mu a zuciya aka rubuta ta ba. Ta miƙo min abaya ta ce yalla, mu tafi.

A asibiti wani matashin likita ya leƙa hannun ya ce bai ga ja ba. Ita ce ta tsaya, cikin ladabi, da Larabcinta da nake wa dariya, ta zayyano masa aikin da aka yi min da awon da ta rubuta a baya, ta roƙe shi ya taɓa hannayen biyu. Yana taɓawa fuskarsa ta canza. Kwana tara na yi ana ƙara min magani ta jijiyar hagu. Daga baya aka ce min ƙwayar cutar ta fara shiga jini.

Hannuna yana nan, alhamdulillahi. Kumburin bai tafi duka ba, ina sa masa matsattsiyar safa, kuma in na yi awa ɗaya ina zane sai yatsun su sage. Amarya ɗaya nake karɓa a sati yanzu. Wasu sun janye da suka ji labari, da yawa ba su janye ba, har mata biyu sun same ni a ɓoye suna tambayar inda ake duba mama. Na nemi gafarar baiwar Allahn nan, ma'aikaciyar lafiyar, ta ce ba ni ce ta farko da ta kore ta ba. Ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

'Yan uwana mata da kuka sha wannan ciwo, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen kula ba. Kada ku kori mai bibiyarku saboda idon maƙwabta. Duk wanda zai taɓa jikinku, likita ne ko mai ƙaho, ku gaya masa aikin da aka yi muku. In hannu ya kumbura ya ɗau zafi, ku tafi a ranar. Ni na zauna jiran in ga ja, har aka kwantar da ni aka sallame ni ban gan shi ba.