Ramla, Wadda Aka Rasa Mai Tsaya Mata

Shekara shida ke nan da rasuwar Ramla, 'yar yayana. Da tana raye, bana za ta cika ashirin da huɗu, kuma na san da tuni ta cika mini gida da surutu, don yarinyar bakinta ba ya hutawa. Duk hutun makaranta a wurina take yin sa a Limawa. Ni ce gwaggonta, ni ce kuma abokiyar sirrinta.

Tun kafin a yi mini fassara, bari in faɗa: ba wanda ya yi wa Ramla dole. Nafi'u ta gani ta ce tana so, yaron kirki daga ƙauyensu a gefen Kiyawa, aka ɗaura aure tana sha shida. Ni na so a bari ta gama sakandare, ta yi mini dariya ta ce, "Gwaggo, ke dai ki shirya ɗaukar jika."

Jikan ya zo, amma da ƙyar. Sai da aka yi mata aiki aka ciro shi. Ranar sallama likita ya gaya mata a gabana cewa kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu ko fiye, don ɗinkin mahaifar bai yi ƙwari ba, zai iya yagewa. Ya ce in ta yi arba'in ta je asibitin da ke kusa da su a ba ta maganin tazarar haihuwa. Magana ce mai sauƙi, ko yaro ya ji zai gane.

Da ta gama wankan jego na raka ta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar da muka tarar ta tambayi shekarunta, Ramla ta ce sha bakwai. Nan take matar ta ajiye biro.

"Hajiya, ba ta kai sha takwas ba. Sai dai mijinta ya zo, ko uwa ko uba."

Na ce ni gwaggonta ce, kuma ga ɗanta a bayanta, ga tabon aiki a cikinta. Na kira Nafi'u a waya, yana Fatakwal wurin ci-rani, ya ce ya amince ɗari bisa ɗari. Matar ta girgiza kai. Ta ce ta taɓa yarda da muryar waya, daga baya mijin gaskiya ya zo da 'yan'uwansa har bakin ƙofarta, saura kaɗan ta rasa aikinta. Wallahi na ji haushinta ranar, har na gaya mata maganar da ba ta yi daɗi ba. Yau kam na san tsoro ne ya hana ta, ba mugunta ba.

Muka wuce gida wurin Yaya. Ya saurare ni har na gama, kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Na aurar da ita. Ba a hannuna take ba. Ina ni ina shiga tsakanin mace da mijinta a irin wannan magana?" Sai na juya wurin mahaifiyarta, Yaya Hansai. To, Ramla 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta nuna kulawa da ita a gaban mutane, balle ta riƙo hannunta su tsaya gaban baƙuwa a yi zancen shimfiɗar aure. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Haba, ki rufa mini asiri. Ke ma ai uwa ce." Na ce can ba su lissafa ni a uwa ba. Hawaye na zuba mata, amma ba ta tashi ba.

Ka ji yadda aka yi. A asibiti Ramla yarinya ce, sai da babba. A gidan ubanta matar aure ce, sai da miji. Miji kuwa yana nisan duniya yana nema musu abin da za su ci.

Da babbar Sallah Nafi'u ya dawo. Kafin ma ya huta suka hau babur shi da Ramla suka je asibitin, suka tarar da ɗakin tazarar haihuwa a kulle, an tafi hutun Sallah. Kafin a buɗe, motar da za ta mayar da shi Fatakwal ta tashi, kuma maigidansa ba ya jiran kowa. Ya tafi da niyyar in ya sake zuwa za su koma. Cikin waɗannan 'yan kwanakin ne ta samu ciki.

Ba zan ba da labarin ranar ba, har yanzu ba na iyawa. Cikin ya tsufa, abin da likita ya faɗa ya faru, ta cika a mota a hanyar Jahun, ita da abin da ke cikinta. Saura kaɗan ta cika sha takwas ɗin da ake ta nema.

Bayan an share makoki na tambayi wani maƙwabcinmu lauya, shin wace doka ce ta hana ta? Ya yi ta juya maganar. Ƙarshe ya ce shi dai bai san inda aka rubuta ƙarara cewa a hana matar aure magani don mijinta ba ya nan ba, amma maganar wanda bai kai sha takwas ba kowa da yadda yake fahimtarta, shi ya sa ma'aikaci yake zaɓar abin da zai kare kansa. Na fito daga wurinsa jikina ya fi mutuwa. Da akwai doka guda da zan nuna da yatsa, da na san abin da zan yi wa kuka.

Yanzu ana zancen tazarar haihuwa a rediyo da rana tsaka, har malamai suna bayani. Da Ramla na nan, na san tsokanata za ta yi ta ce, "Gwaggo, ashe abin da muke raɗa ne ake shela?" Na ji an ce wasu asibitocin sun sassauta, wasu kuma suna nan yadda suke, ya danganta da wadda ka tarar a kan kujera. Ran yarinya bai kamata ya dogara da sa'ar wadda ke bakin aiki ba, amma wa zan gaya wa? Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya.

Me ya rage na Ramla? Ɗanta, da ke wurin kakarsa, mai irin bakinta sak. Sai Nafi'u, da ya daina zuwa ci-rani ya koma noman gero, ba ya son a ɗaga zancen. Yaya ya tsufa lokaci guda. Ba wanda ya ƙi ta a cikinmu, kowa sonta yake yi, kuma duk muna tsaye aka rasa ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Jiya Yaya Hansai ta kira ni. Ƙanwar Ramla, Safiya, ta haihu har ta yi arba'in, ita ma aiki aka yi mata. Shekararta sha bakwai, mijinta yana Abuja. Yaya Hansai ta ce wannan karon da ƙafarta za ta je, amma in zo mu tafi tare, don ba ta san abin da za ta ce ba in an ce sai miji. Na ce to, ina zuwa. Ban gaya mata ni ma ban sani ba.