Mun Ɓoye Wa Inna Rushewar Unguwarmu

A lokacin ina sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka, ina jin kaina mai dabara, wadda ba a kayar da ita a magana. A wata tsohuwar unguwar Jidda aka haife ni, inda iyayenmu suka sauka da suka taso daga Sudan. Da aka shafa wa bangayenmu jan fenti, alamar za a rushe, ni uwar iya na hana 'yan uwana gaya wa mahaifiyarmu, Inna, saboda hawan jininta. Muka ce mata gyara za a yi wa gidan, muka ɗauke ta zuwa wani bene a unguwar Safa ba ta yi bankwana da kowa ba. Kullum sai ta tambayi yaushe za a gama gyaran, ni kuwa baki ya saba, in ce saura kaɗan.

Wata Juma'a da hantsi muka neme ta muka rasa. Mai gadi ya ce ya ga ta tare tasi. Na san tsohuwar unguwarmu ta nufa, na bi bayanta. Da na isa ban gane wurin ba. Fili ne fetal, ba masallaci, ba shago, ko kyanwa babu, sai dogayen benayen gilashi can nesa. Na hango ta ita kaɗai tana tafiya, amma ba a miƙe ba. Tana karya kwana duk inda lungu yake a da, tana raɓewa kamar mai ba wani hanya. Can ta tsaya, ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta yi shiru tana sauraro. Sai na ga ta gyaɗa kai. Na lallaɓa na ƙarasa inda take.

Da na kama hannunta ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ƙofar aminiyarta ce nan, sun ɗan saɓa kafin mu tashi, ta zo neman gafara. Ta tambaye ni ina aka kai su. Na yi ta cigiya har unguwar Aziziyya, inda na ji matar ta rasu bayan tashinsu. Wannan kam ban ɓoye ba. Halas, wato shi ke nan, kawai Inna ta ce, ta juya fuska bango.

Abin yana cina har yau. Na gane ba kowane ɓoyo ne tausayi ba. Ku masu tsofaffi a gida, in tashi ya kama ku, ku faɗa musu gaskiya, ku zaga da su gida-gida a yafi juna. Inna tana nan da ranta, amma yafiyar da ta je nema babu mai ba ta ita a duniyar nan, kuma ni na jawo.