Inuwar da na kora daga aji

Ina gaida ku da masu karatunku. A tsakiyar shekarun saba'in, bayan babban farin nan, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu. Na fito daga jami'a da takardar lissafi, aka turo ni koyarwa a koleji a Magariya. Ina da wando mai faɗin ƙafa, da agogon hannu, da girman kan da ya fi ƙarfin shekaruna. A lokacin masu irin takardata ba su da yawa, na kuma san haka, ina so kowa ma ya sani. Ko a kasuwa da Faransanci nake taya tumatir, sai mai talla ta yi sororo sannan in juya Hausa.

Ban daɗe da zuwa ba wasu malaman ƙananan lakwal, wato firamare, su biyar suka same ni. Suna so su zauna jarrabawar bak daga waje, don su samu shiga jami'a, kuma lissafi ne ya tsaya musu a wuya. Suka roƙe ni in riƙa koya musu ranar Alhamis, tunda a zamanin ba a lakwal ran nan. Na yarda, amma in faɗi gaskiya ba tausayi ya sa ba. Daɗi nake ji a ce magidanta na zaune a benci ni ina tsaye da alli. A cikinsu akwai wanda ya girme ni da kusan shekara goma, yana koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Kwaya, da mata da 'ya'ya uku. Tun asuba yake baro gida da kekensa, rabin hanya hawa, rabi turi saboda rairayi, ya iso jiƙe da gumi, sau da yawa da ƙwan zabi a ƙulle a hankici ya ce a kai wa mai dafa mini abinci. Da bakinsa ya gaya mini wannan ce shekararsa ta ƙarshe. In bai ci bak bana ba, shekarunsa sun wuce na samun bursu, wato tallafin karatu na gwamnati, shi da jami'a sai labari.

Muka iso kan abin da ake kira deribe, wato lissafin da ke auna saurin canjin abu a daidai wani lokaci. Yadda aka koya mini haka na koya musu. In cika allo da ma'anarsa cikin Faransanci, da alamomi, su kwafe a kaye, wato littafin rubutu, su haddace, in ba su aiki. Aikin kuwa suna yi, sai dai kamar wanda aka ɗaure wa ido. Da na ɗan sauya fasalin tambaya sai su watse gaba ɗaya. Mako huɗu muna wuri ɗaya. Na yi faɗa, na jefar da alli, na ce musu ban taɓa ganin kawuna masu tauri irin nasu ba. Shi kuwa mutumin nawa kullum tambayarsa ɗaya ce, cikin ladabi, wai Mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, shi dai ya gane yadda ake fitar da shi, amma shi deriben kansa mene ne. Ni kuma in sake nuna masa allo in ce ga shi nan a rubuce, ko makaho ne. Ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan tambaya.

Wata Alhamis ya shigo da fara'a, ya ɗaga hannu, ya nemi izinin yin magana da Hausa don Faransancinsa ba zai ɗauki abin ba. Bai jira na amsa ba ya soma. Ya ce mahaifinsa ladan ne, ba shi da agogo, da inuwa yake gane azahar. Yakan kafa sanda a ƙofar masallaci ya riƙa auna inuwarta da ƙafa. Da hantsi inuwar na janyewa da sauri, in rana ta yi sama sai janyewar ta ragu, ta yi ta raguwa, har a zo wani ɗan lokaci da inuwar za ta tsaya cik, ba ta raguwa ba ta ƙaruwa, sannan ta juya ta soma tsawo. A nan tsohon yake cewa rana ta karkata. Sai ya tambaye ni, ashe deribe ba shi ne saurin janyewar inuwar nan ba, kuma inda ta tsaya cik ba nan ne deribe yake zama sifiri ba? Sauran huɗun suka gyara zama. Na ga ɗaya yana gyaɗa kai, bakinsa a buɗe.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wannan lokacin ni kaina ban san amsar ba. Shekara da shekaru ina fitar da deribe ina cin jarrabawa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne shi a duniyar Allah ba. Na ji a jikina maganarsa na da nauyi, na kuma ga ajin ya koma kallonsa ya bar ni. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na yi dariya, na ce to ga sabon shehin lissafi ya sauka daga Kwaya. Na ce masu gyaran takardar bak ba su san mahaifinsa ba, ba su san sandarsa ba, in lissafin ƙofar masallaci yake so ya koma ya gaji ladanci. Na ce abin da ya faɗa shirme ne daga farko har ƙarshe, kuma daga yau duk wanda ya sake yi mini Hausa a aji ya nemi wani malami. Magidanci, uban 'ya'ya, na yi masa tatas a gaban abokan aikinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri Mushe, ba zai ƙara ba.

Bai ƙara ba kuwa. Bai daina zuwa ba, bai daina kawo ƙwan ba, amma bai sake tambaya ba har muka rabu. Ya koma hadda kamar kowa. Da sakamako ya fito, biyu suka ci, shi ya faɗi, kuma lissafi ne ya kayar da shi. Na ce a raina ai dama na faɗa, na shafa wa kaina ruwan sanyi.

Shekara ta kewayo aka mayar da ni wata lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, aka ba ni aji na gaske mai yara fiye da arba'in. Muka zo kan deribe, sai ga ni a ramin da na baro. Na yi faɗan, na jefar da allin, ba abin da ya motsa. Wata rana wajen sha ɗaya da rabi, takaici ya ishe ni, na ce kowa ya fito waje. Na kafa sandar tsintsiya a fili, muka riƙa zana bakin inuwarta a ƙasa lokaci bayan lokaci. Zanen farko suka yi nesa da juna, na baya suka riƙa matsowa, har suka hau kan juna. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ce ai nan ne sifiri. Kafin a tashi, ajin duka ya gane abin da na yi wata guda ina haƙilo a kai. Ni ma ranar na gane shi. Na tsaya cikin rana, kunya ta rufe ni, yara na tsammanin zafi ne ya sa nake share fuska.

Sai da na yi shekara biyu ina jan ƙafa kafin na nemi malamin nan na Kwaya. An mayar da shi wajen Sassumbrum. Na je ranar kasuwa, na same shi a rumfar mai shayi. Ya tashi ya tarbe ni da hannu biyu, yana ta Mushe, Mushe, ya sa aka kawo mini shayi. Na tattara ƙarfin hali na gaya masa maganarsa ta inuwa daidai take, ba kuskure ko ɗaya, har da ita nake koyarwa yanzu. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a jarrabawar an tambaye su inda wani layi yake juyawa daga sauka zuwa hawa. Ya ce inuwar ta zo masa a rai sarai, ya ga amsar, amma ya tuna na ce shirme ne, sai ya kore ta ya koma laluben hadda, hadda kuma ta gudu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce haka Allah ya rubuta, sai dai da na aiko masa ko da 'yar wasiƙa ce, don shekara uku ke nan yana ɗaukar kansa daƙiƙi. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na nemi gafara ya yafe, amma yafiya ba ta mayar masa da shekarar ba. A ƙaramar lakwal ya yi ritaya. Ni kuwa na shekara talatin ana yabona da dabarar da ba tawa ba.

Malamai 'yan'uwana, musamman sabbin fitowa, ku ji tsoron ranar da ɗalibi zai yi muku tambayar da ba ku san amsarta ba. Ku ce ban sani ba, bari in duba. Ba ta kashe kowa. Kuma in ya kawo muku misali daga gidansu, da harshen uwarsa, ku saurara har ya gama, don mai yiwuwa shi ya gane ku ne kuka haddace. Ni minti biyu na kasa yin shiru, wani ya biya da rayuwarsa duka.