Ƙwan Fitilar Iya Sekinat

Jama'a, a ba da hanya! Ga Iya Sekinat, Sarauniyar Sabbin Shaguna ta hanyar Maska, mai mulkin ƙwan fitila ɗaya tak!

A allon shagon na karanto sunan: Raufu da Sekinat, Kifin Ƙanƙara. Tana zaune kan benci, ɗankwalinta ya koɗe, ƙafafunta sun kumbura cikin silifas. A bayanta ga firiza biyu, ko ledarsu ba a cire ba. Ma'aikacin wuta na saman falwaya yana jona waya, amma ita idonta na kan ƙwan da ke rataye a baranda.

Yaron shagonta Birkila ya kai hannu kusa da makunnin, ta buge hannun. Ya raɗa min cewa maigidanta Raufu ne ya danna shi ranar da aka gama wayarin, ya bar shi a kunne don ya ga zuwan wuta. Da damina ya rasu.

Bakina dai bai iya shiru ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, tana kamawa ni zan rangaɗa guɗa!"

Ko kallona ba ta yi ba. "Matsa, ɗana. Ka tare min fitila."